Mai Ɗaukar Ruwa

Kafin a manna mini lamba a baya
jarka huɗu nake ɗaurawa,
biyu dama, biyu hagu,
daga famfon Garin Malam zuwa lungunan Birni,
inda duwatsu suka girmi gidaje
kuma ruwa ya fi nama tsada in bazara ta tsaya.
Keken Baba ne, ba birki.
Da dunduniya nake tsayawa.

Jigo mai gyara ne ya fara lura.
Ya ce, "Tsahiru, cinyar nan ba ta ga-ruwa ba ce."
Ya ara mini wani siriri kamar sillen kara,
mai ƙaho a lanƙwashe irin na rago,
ya ce in taɓa Mirriya in dawo
kafin shayinsa na biyu ya nuna.
Na tarar yana zuba na uku.
Bai ce uffan ba. Ya miƙo kofi.

Shekara goma sha huɗu ke nan na biya kuɗin kofin.

Takeita ta san gumina, Matamaye ta san amaina,
hanyar Tanut, wadda ba ta da inuwa ko ta tsuntsu,
ta san addu'ar da nake yi da haƙora a cije.
Na kwana a Wagadugu, na kwana a Kotonu,
na hau tsaunukan da kunne ke toshewa a kansu,
na ci tuwon da ban san sunansa ba.

Amma ka san aikina a cikin ayari?
In koma baya wurin mota,
in cusa gora bakwai a cikin riga,
in ratsa mutum tamanin da gwiwar hannu
in kai wa Ila ya sha.
Ashe ba sana'a na sake ba,
riga kawai.

In iska ta taso, ni ke gaba.
Ni ne zana, shi ne fitila.
Ran da tayarsa ta fashe na cire tawa na ba shi,
na tsaya bakin kwalta da rabin keke a hannu.
Wata tsohuwa mai tallan gyaɗa ta dube ni:
"Ɗana, kai ba ka zuwa?"

Sau ɗaya tak aka sake ni.
Bayan Gidimuni, Ila ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ba ni da ƙafa. Tafi."
Na tafi.
Kilomita arba'in ni kaɗai da ƙarar sarƙa,
zuciya na daka kamar taɓarya biyu a turmi ɗaya,
har na hango ƙyallen da aka gicciya,
har na ji yara na kiran sunan unguwarmu.
Sai guguwar tayoyi ta wuce ni ta dama.
Na shida.
Inna ta ce, "Madalla. Su biyar ɗin 'ya'yan wa ne?"

Ba tsufa ya sauke ni ba, akuya ce.
Baƙa, mai igiya a wuya, a gangaren Dogo.
Na bar fatar kafaɗa a hanya,
gwiwa kuma ta koyi faɗin zuwan damina
tun kafin hadari ya haɗu.

Ila yana da hoto a bango, da kofin azurfa.
Ni ina da rumfar Jigo, Allah ya jiƙansa,
da sifanarsa mai lamba goma sha biyar
wadda hannunsa ya cinye mata tsatsa.
Ba na ƙorafi. Wanda ya sha ya san wa ya kawo.
Ko bai sani ba, maƙogwaronsa ya sani.

Kwana uku ke nan wani yaro na wucewa da asuba,
jarka shida, ba takalmi,
yana hawan tudun nan bai tashi daga sirdi ba.
Na dubi cinyarsa, na dubi gwiwata.
Ban kira shi ba tukuna.
Na dai hura gawayi.